ƘASA, ITATUWA DA DADDAWA: GADON NOMA A KANKIYA DA KUSADA, TARE DA WAIWAYEN WASU TSIBIRAN INABI

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani a kan wani irin gado wanda ba kasafai ake sa shi cikin lissafi ba idan ana zancen kayan tarihin ƙasar Katsina. Da an ce gado, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne hasumiyar Gobarau, ko ganuwar birni da ƙofofinta, ko kushewun Durɓi ta Kusheyi. Waɗannan duka gado ne, ba musu. Amma akwai wani wanda ya fi su faɗi, muna ratsa shi kullum a mota ba mu kula ba, watau gonar karkara da itatuwan da ke tsaye a cikinta. Za mu ɗauki ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada su zama misalinmu. Za mu duba yanayin ƙasar, da yadda manomi ya sarrafa ta har ta jure noma shekara da shekaru ba hutu, sa'an nan mu tsaya a kan itace guda, watau ɗorawa, da abin da mata ke fitarwa daga gare ta.

A tsakiyar bayanin za mu ɗan ƙetara teku zuwa wasu tsibirai masu duwatsu inda ake noman inabi. Lalle ne a faɗa tun daga nan cewa galibin inabin waɗannan tsibirai giya ake yi da shi, ita kuwa giya hukuncinta a Musulunci sananne ne, ba kuma ita ce ta kai mu can ba. Abin da ya kai mu shi ne aikin ƙasa, da kuma yadda mutanen can suka sa duniya ta yarda cewa gonakinsu kayan tarihi ne.

2.0 Yanayin Ƙasar

Wanda ya taso daga Kano ta Bichi da Tsanyawa zai shiga Jihar Katsina ta ƙasar Kusada, ya wuce ta Kankiya da Charanchi kafin ya isa birnin Katsina. Bisa ƙidayar 2006, Kankiya tana da mutane kimanin 151,000 a fili mai murabba'in kilomita 824, Kusada kuwa kimanin 99,000 a murabba'in kilomita 390. In aka raba, za a sami mutum kamar 180 a kowane murabba'in kilomita a Kankiya, kamar 250 a Kusada, an kuwa hayayyafa ƙwarai tun daga lokacin. Ma'anar wannan lissafi ga noma ita ce babu sauran zancen barin gona ta yi saura ta huta, sai fa ga ɗaiɗaikun masu hali.

Ƙasar shimfiɗaɗɗen tudu ce, ƙarƙashinta tsohon dutse, wanda yakan leƙo nan da can a matsayin fā ko tsauni. A bisa dutsen akwai jigawa da jangargari, sa'an nan 'yan fadamu a bakin ƙoramu. Ruwan sama yakan kama tsakanin milimita 600 da 800 a shekara, kusan dukkansa daga watan Yuni zuwa Satumba, mafi yawa a Agusta. Sai dai matsakaicin lissafi yana ɓoye abin da manomi ya fi tsoro, watau rashin tabbas. Ruwa yakan sauka da wuri a yi shuka, ya ɗauke mako uku, shuka ta ƙone a sake. Dattawa ba su manta da farin 1972 zuwa 1974 ba, ko na 1983 da 1984, haka nan da cutar da ta karya gyaɗa a 1975, wadda tun daga ita noman gyaɗa bai koma yadda yake a zamanin dalar gyaɗa ba.

Ita kanta ƙasar ba mai ƙarfi ba ce. Tana da ƙarancin naitirojin da fosfaras, tana kuma da ƙarancin ruɓaɓɓen ganye da ke riƙe danshi. In an bar ta tsirara, iskar hunturu da guguwar farkon damina su kwashe samanta, ruwan Agusta kuma ya yanka kwazazzabai. To, ta yaya irin wannan ƙasa ta ciyar da jama'a mai yawa haka na tsawon ƙarnoni?

3.0 Gonar da Hannu ya Gina

Amsar tana cikin abubuwa uku da manomi ya haɗa, taki da haɗa shuka da itace, kuma ba ɗaya da ke tsayawa shi kaɗai.

Bahaushe ya raba ƙasar noma gida biyu. Akwai karkara, wadda ke kewaye da gari, ana noma ta kowace shekara saboda ana zuba mata taki, akwai kuma gonar daji. Polly Hill ta yi bayanin wannan rabo filla-filla a littafinta na 1972 a kan Ɓatagarawa, kusa da birnin Katsina, Michael Mortimore kuma ya nuna irinsa a ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun a shekarun 1960. Abin da suka gani ya ci karo da ra'ayin da ke yawo a lokacin, cewa wai da zarar mutane sun yi yawa a ƙasar Afirka sai ƙasa ta mutu. A karkarar Kano yawan jama'a shi ya kawo yawan hannu da yawan dabbobin gida, su kuma suka kawo yawan taki. Abin da aka faɗa game da Kano da Ɓatagarawa ya shafi Kusada da Kankiya, domin a tsakaninsu suke, noman kuma iri ɗaya ne.

Takin nan aiki ne na shekara ɗungum. Ana ɗaure awaki da tumaki da damina don kada su yi ɓarna, ana yanko musu ciyawa, kashinsu ya taru a turke tare da toka da sharar gida. Da bazara a kwashe a mangala bisa jaki, ko a amalanken shanu, a jibge tsibi-tsibi a gona kafin a baza. Da kaka a tara harawar wake da ta gyaɗa a kan rufin ɗaki ko a cokalin itace, abin da gona ta bayar ya shiga cikin dabba ya komo gona. Ban da wannan akwai tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi, inda Bafillace kan sauka da garkensa a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba shi hatsi ko wani abin hasafi.

Haɗa shuka kuwa dabara ce ta raba hasara. Gero yakan nuna da wuri, dawa ta biyo baya, wake da ake sawa a tsakani ya rufe ƙasa ya ƙara mata ƙarfi, ya kuma ba da harawa. In damina ta gajarta gero ya tsira, in ta yi tsawo dawa ta rama. Malaman gona na zamanin da sun daɗe suna ganin wannan a matsayin rashin tsari, suna koyar da shuka iri ɗaya a layi. Sai da binciken da David Norman ya jagoranta a ƙauyukan Zariya, daga cibiyar Samaru, ya nuna da alƙaluma cewa haɗa shuka ya fi ba da riba a kan kowace eka, ya kuma fi tabbas, sa'an nan aka fara sassautawa.

Na uku shi ne itace, a nan ne kuma za mu daɗe. Baƙon da ya dubi karkarar Kankiya zai zaci ragowar daji yake gani, watau itatuwan da gatari bai kai gare su ba. Ba haka abin yake ba. Dajin wannan yanki in an bar shi geza ce da sabara da kalgo da ƙayoyi iri-iri. Abin da ke tsaye a gona kuwa zaɓaɓɓu ne: gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya, ɗinya, aduwa, kurna, da rimi a bakin gari. Kowanne akwai wanda ya gan shi yana tsiro lokacin sassabe ya ɗage hannu, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya yi masa aski har ya miƙe. Har sunayen garuruwa suna shaida, ga Rimaye nan a ƙasar Kankiya, ga Rimi a kan hanyar Katsina, ga Ɗorayi a Kano.

Gawo ya isa a yi masa magana ta musamman, domin ya saɓa wa sauran itatuwa. Da damina, sa'ad da kowane itace ke kore, shi sai ya kaɗe ganyensa, saboda haka ba ya tare wa shuka rana. Ganyen da ya zubar ya zama taki daidai lokacin da ake bukata, saiwarsa kuma tana da ƙwayoyin halitta masu jawo naitirojin daga iska. Da rani ya yi ganye ya yi 'ya'ya, dabbobi su taru a inuwarsa suna ci suna kashi. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri, abin da kowane yaron ƙauye ya sani tun kafin masu bincike su auna.

4.0 Ɗorawa da Daddawa

Ɗorawa ba ta da wannan hali na gawo. Inuwarta mai kauri ce, hatsin da ke ƙarƙashinta yakan ragu. Ke nan manomin da ya bar ɗorawa a gonarsa ya san yana hasarar wasu dammuna, ya kuma yarda, domin abin da take bayarwa ya fi abin da take ci. Masana tsirrai suna kiranta Parkia biglobosa, sunan da Robert Brown ya raɗa wa jinsinta a 1826 don tunawa da Mungo Park. Tana fure da rani, furen ja ne mai kama da ƙwallo yana reto, jemagu da ƙudan zuma ne ke ɗaukar masa ƙwayar haihuwa. 'Ya'yan sukan nuna da bazara, watau daidai lokacin da rumbu ya fara sauka, kuɗin kaka kuma ya ƙare.

Ba abin yarwa a jikin ɗan ɗorawa. Garin rawaya mai zaƙi ana sha, ana damawa. Ɓawon, wanda ake jiƙawa a sami makuba, shi ake yayyafa wa daɓe da katanga su yi ƙarfi su jure ruwa, duk wanda ya ga tsohon soro mai duhun ja ya ga aikinta. Sa'an nan ƙwayar, watau kalwa, wadda ita ce dukiyar.

Kalwa ɗanya ba ta ciwuwa, tauri gare ta kamar tsakuwa. Mayar da ita daddawa aiki ne na kwanaki, kuma sana'ar mata ce, galibi manya, uwa ta koya wa 'ya. Ana dafa kalwa wuni guda ko ma a kwana ana iza wuta, har ɓawonta ya yi laushi. A zuba a turmi a surfa da toka ko yashi, a kai bakin rijiya a wanke a tsince. A sake dafawa, wannan karon ba da daɗewa ba. A tsane ruwan, a zuba da ɗuminta cikin kwando ko ƙwarya da aka shimfiɗa wa ganye, a rufe ruf da buhu ko tsumma, a ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. In aka buɗe za a tarar ta yi yauƙi, ta yi duhu, warinta ya cika gida. Sai a kirɓa, a mulmula, a daddanna, a shanya.

Abin da ke faruwa a cikin kwandon nan ilmi ne mai zurfi. Wasu ƙwayoyin halitta, waɗanda mafi rinjaye cikinsu ake kira Bacillus subtilis, su ne ke farfasa furotin ɗin kalwa, wanda ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Daga nan ake samun sinadarin da ke ba miya ɗanɗano, irin dai wanda masana'antu ke haɗawa su sa a dunƙulen miya na kanti. Wannan irin ruɓa ba ta haifar da barasa, ba ta kuma yin tsami kamar nono, warin da ake ji na amoniya ne. Mai yin daddawa ba ta san waɗannan sunaye ba, amma ta san in ɗumi ya gaza ba za ta kama ba, in ta zarce kwanakinta za ta yi ɗaci, ta kuma san kwandon da aka saba yi a ciki ya fi sabo, abin da mai binciken ƙwayoyin halitta zai fassara da cewa irin yana maƙale a jikin kwandon. Ya kamata a lura da wani abu: dafuwa mai tsawo haka tana cin itacen wuta ƙwarai, ke nan sana'ar da ta dogara ga itace rayayye tana kuma cin matacce.

Wannan sana'a ta game Afirka ta Yamma. Yarabawa suna ce da ita iru, a Mali da Burkina Faso sumbala, a Sanagal netetu, a Gana kuwa sunan Hausar ne ya bi fatake ya zauna, dawadawa. Inda kalwa ta yi wuya akan yi da gurguzu, watau 'ya'yan yakuwa, a sami daddawar batso, a 'yan shekarun nan kuma da waken soya.

5.0 Waiwayen Tsibirai

A tsakanin Sisili da Tunisiya akwai wani tsibiri na Italiya mai suna Pantelleria, faɗinsa murabba'in kilomita 83, tsauninsa mafi tsawo mita 836. Dutsen aman wuta ne, ba kogi, ruwan samansa bai kai na Kankiya ba, iska kuwa ba ta kwantawa. Manoman can sukan haƙa ɗan rami mai kama da kwano su dasa inabi a ciki, su riƙa datse shi don kada ya tashi sama da ƙasa, ramin ya tara raɓa ya kare shi daga iska. Gangaren tsaunin duk an yanka shi hawa-hawa da katangun dutse waɗanda ba a sa musu laka ba. Har akwai inda ake gina doguwar katanga zagaye da itacen lemo guda ɗaya tak. Larabawa sun mulki tsibirin, irin inabin ma ana ce masa zibibbo, daga kalmar Larabci zabib, wadda mu ma daga gare ta muka sami zabibi. A 2014 Hukumar UNESCO ta sa wannan hanyar noma cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

A tsibirin Pico na Fotugal, a tsakiyar Tekun Atlantika, an tsinci baƙin dutse an gina dubban ƙananan shingaye, kowanne da 'yan kurangun inabi a ciki, don kare su daga iska da gishirin teku. UNESCO ta karɓi wannan a 2004. A Lanzarote kuma, cikin tsibiran Kanari, bayan aman wutar 1730 zuwa 1736 ya binne gonaki da toka, sai manoma suka haƙa ramuka har suka tarar da tsohuwar ƙasa, suka kewaye bakin kowane rami da katanga mai siffar jinjirin wata. Wanda ya san tassa da ramukan rabin wata da manoman Tawa ke haƙawa a faƙo a Jamhuriyar Nijar, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Tarihin Pico ne ya fi dacewa da zancenmu. A tsakiyar ƙarni na 19 cututtuka biyu suka faɗa wa inabin a jere, kasuwa ta mutu, mutane suka yi ƙaura zuwa Amurka, daji ya rufe shingayen. Katangun ba su rushe don sun tsufa ba, sun rushe ne domin abin da ke cikinsu ya daina biyan ladan mai gyara su. Ba su kuma farfaɗo ba sai da gwamnatin yankin ta sa kuɗi a gyara, abin da ake nomawa kuma ya sami suna da farashi. Wannan ƙa'ida ba ta da ruwa da irin amfanin gonar, ko inabi ne ko kalwa.

Ba sai an je Turai ba ma. A 1992 UNESCO ta yarda cewa ƙasar da mutum ya sarrafa da noma tana iya zama kayan tarihin duniya, a 1999 kuma Sukur ta Jihar Adamawa, da gonakinta na hawa-hawa a duwatsun Mandara, ta zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin. Bambancin Sukur da Kusada shi ne ginin Sukur na dutse ne, ido yana gani, na Kusada kuwa na itace ne da taki, shi ya sa ake zaton Allah ne ya tsiro da shi ba hannun kowa. Game da inabin kansa, ana nomansa a ƙasar Hausa, musamman a Kudan ta Jihar Kaduna, na ci ne kuma, amma da ban-ruwa da jari mai yawa, don haka ba shi ne abin kwatance a nan ba.

6.0 Inda Gizo ke Saƙa

Wanda ya dubi karkara a yau zai ce ai itatuwa na nan. Suna nan, amma a dubi shekarunsu. A wurare da yawa na ƙasar Hausa ɗorayin da ke tsaye manya ne, wasu kauci ya kama su, ƙananan da za su gaje su kuwa sai an tona. Garin da duk mazaunansa tsofaffi ne yana iya cika da mutane yau, amma an san makomarsa. Dalilan wannan suna da yawa, kuma suna cuɗe da juna.

Garmar shanu, wadda aka fara yaɗa ta a Arewa tun wajen 1928, da tarakta daga baya, ba su san tsiro ba, abin da mai fartanya zai kauce masa su sai su tumɓuke. Gado yana ta rarraba gona, wanda kuwa rabonsa bai fi eka ɗaya ba da wuya ya ba da kusurwa guda ga inuwar ɗorawa, balle ita sai ta yi shekara kamar takwas ko goma kafin ta fara 'ya'ya na kirki. Sa'an nan kalwar da ya kamata ta faɗi ta tsira, an tsince ta kaf an kai kasuwa. Wanda ya ari gona ko ya karɓe ta jingina ba shi da dalilin renon itacen da ba zai ci ba. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: mai yanke shawarar a bar tsiro ko a sare namiji ne, mai cin moriyar kalwa kuwa galibi mace ce. In kuɗin daddawa bai zagayo ya taɓa mai gona ba, a wurinsa ɗorawa inuwa ce kawai mai rage masa dami.

Dokokin gandun daji na zamanin En'e sun hana sare wasu itatuwan gona sai da izni. Niyyar mai kyau ce, amma ta koya wa manomi cewa itacen da ya girma ya zama na hukuma, dabara ita ce kada a bari ya girma. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna abin da kan faru in aka juya wannan. Tun daga 1983 Tony Rinaudo da abokan aikinsa suka riƙa jan hankalin manoma su daina ƙone kututturan da ke tohowa a gona, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su rena, abin da ake kira sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta riƙon da ta yi wa itacen gona, manomi ya tabbata abin da ya rena nasa ne, sai abin ya bazu. An ƙiyasta cewa ya game hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kamar miliyan 200, a ƙasar da ruwanta bai kai namu ba. A ganina wannan ya fi duk wani bikin dashen itace da ake yi da damina, a ɗauki hoto a watse, awaki su gama da sauran. Amma a yi hattara: sassaben zamani yana aiki ne inda akwai kututture mai rai, ya fi karɓar gawo da kalgo da sabara. Inda ɗorawa ta ƙare ba abin da zai toho, sai an shuka kalwa an yi reno.

Shi ma taki ya sami tasgaro. Takin zamani, wanda shirye-shiryen gwamnati suka yaɗa da rangwame tun daga shekarun 1970, ya ƙara amfani ba shakka, amma ba ya mayar wa ƙasa ruɓaɓɓen ganyen da ke riƙe ruwa, kuma tsadarsa tun daga 2022 ta fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Rashin tsaron da ya addabi yammacin jihar, ya kuma taɓa wasu ƙauyukan Kankiya, ya jawo satar shanu, ya sa zargi tsakanin manomi da makiyayi. Ana lissafa rayuka da dukiyar da aka yi hasara, haka ya kamata, amma gonar da garke ya daina kwana a cikinta ita ma tana cikin hasarar, ko da yake sai bayan shekaru za ta nuna. Ƙuduji, wanda ya fi son gajiyayyar ƙasa, shi kan fara ba da labari.

7.0 Suna da Farashi

Hanyar da manoman Turai suka bi don abin da suka noma ya biya wahalarsa ita ce ɗaure suna da wuri. Faransa ta kafa dokar wannan a 1935: ba mai sayar da kaya da sunan wani yanki sai in a can aka yi shi, ta hanyar da aka amince. Afirka ma ta shiga. A 2013 ƙungiyar OAPI ta yi rajistar barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru, daga baya kilishin Nijar da albasar Galmi suka bi sahu. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, amma kasuwar Hausa ta daɗe da sanin ɗaure suna da wuri ba tare da takarda ba, kowa ya san abin da ake nufi da ta'ba ko tukunya ko wuƙar gari kaza.

Ko daddawa za ta iya bin wannan hanya? Akwai abin da ke goyon baya. Mutanen birni da na ƙetare sun fara komawa gare ta, tana kuma da sauƙin ajiya da ɗauka. Akwai kuma abin da ke hanawa. Kalwa kayan fatauci ce, tana yawo daga kasuwa zuwa kasuwa, mai dafawa a Kusada ba lalle ta san gonar da kalwarta ta fito ba. In aka sa wa ƙunshi sunan gari alhali kalwar daga wata jiha aka kawo ta, sunan zai amfani ɗan kasuwa, ba zai sa ko mutum ɗaya ya bar tsiro a gonarsa ba. Haka kuma akwai haɗarin da aka sha gani a wasu sana'o'in mata, da zarar abu ya fara kawo kuɗi sai mai injin da jari ya karɓe, tsofaffin da suka riƙe ilmin su koma 'yan ƙwadago.

Kafin a kai ga zancen rajista akwai aikin da ya rataya a wuyan jami'o'inmu, musamman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, waɗanda ɗalibansu da yawa 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna inuwar itace, amma ba ya bambanta ɗorawa da dalbejiya sosai, ba ya kuma ganin tsiron da bai kai gwiwa ba. Sai an shiga gona da ƙafa. A zaɓi ƙauyuka kamar uku a gundumar Yashe, uku a Rimaye ko Kafin Soli, a auna kaurin kowace ɗorawa a daidai ƙirji, a ƙidaya kututture, a ƙidaya tsiro. A tambayi mai gona wa ya reni wannan, wa ke da ikon 'ya'yanta, ko an raba ta a gado dabam da gonar. Ɗalibai mata su shiga gidaje su zauna da masu daddawa, su auna mudun kalwa nawa ke shiga tukunya, itacen nawa ake ƙonawa, nawa ake samu, su rubuta sunan kowane mataki da kowane ganyen rufi yadda masu sana'ar ke faɗinsa, wanda wannan rabon masana harshe ne da ke zaune a wannan zaure. A maimaita awon a gonakin nan dai bayan shekara biyar.